Makullin Gonar Kufai

Ƙwal!

Ƙarar da ya yi ke nan a kan simintin ƙofar ɗakin Inna. Har yau ina jinta a kunnena.

Tsakar gidanmu ya yi tsit. Inna ta tsaya da muciya a hannu, tuwo na tafarfasa ba mai kula shi. Baba yana zaune a kan tabarma, dawowarsa ke nan daga sallar la'asar, ya bi abin da ido har ya gama juyi ya kwanta.

Yaya Kamaruddeen, jikan kawun Baba, shi ne a tsaye riƙe da jakata a kife.

"Ga shi nan, Baffa. Gara ka gani da idonka."

"Mene ne wannan?"

"Makullin otal ne."



"Otal...?" Inna ta maimaita a hankali, kamar kalmar za ta ƙona mata baki.

"Duba jikinsa, Baffa, ga lamba tara, ga shi an rubuta da boko. Jiya da ta ce za ta Bici karɓo sakamakon jarrabawa, ni na gan ta a tasha da yaron nan Fatihu. Ban so in faɗa ba, amma sunan gidanmu..."

"Yaya Kamar!" Muryata ta fita da ƙarfin da ban san ina da shi ba. "Ka ji tsoron Allah! Ba kai na fara nuna wa ba ranar da na tono shi? Ba kai ka ce in ba ka na hana ba?"

Ya dafe ƙirji.

"Ni? Yaushe?"

"Baba, wallahi a gonar kufai na same shi, ina roron gyaɗa. Fartanya ce ta..."

"Safara'u."

Sunana kawai Baba ya kira, na haɗiye sauran maganar. Bai yi tsawa ba. Da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ya miƙa hannu ya ɗauki makullin da yatsu biyu kamar wanda ya ɗauki mushen ɓera.

"Tun ina yaro nake noman gonar nan. Ban taɓa tono otal a cikinta ba."

"Baba..."

"Na faɗa miki mutanen nan baƙi ne, ba mu san asalinsu ba. Kika ƙi ji. Daga yau kada in ƙara jin sunan yaron nan a gidana. Miƙo wayarki."

Na miƙa masa. Ya tashi, ya wulla makullin bayan rumbu, ya sa takalmi ya fita bai waiwayo ba.

A nan na durƙushe.

Fatihu ɗan Bici ne, yana sayar da iri da takin zamani a kasuwar Tsanyawa. A rumfarsa muka haɗu da bazara, na je saya wa Inna irin gyaɗa. Ya dube ni ya ce kada in sayi wanda ke gabansa, ya kwana biyu, in bari kasuwa mai zuwa za a kawo sabo. Na yi mamakin ɗan kasuwar da ke korar ciniki. Kasuwa ta zagayo na koma. Ta sake zagayowa na sake komawa, alhali ba abin da aka aike ni.

Su Barebari ne, kakanninsa daga gabas suka zo. Abin da Baba ya riƙe ke nan. Shi kuwa Baba maraya ne. An ce a hanyar Makka aka haife shi, uwarsa ba ta dawo ba, ubansa ya rasu shi ko wayo bai yi ba, shi ya sa tsofaffin garinmu suke ce masa Alhajin Goyo. A gidan kawunsa ya tashi, ba abin da ya gada sai kufan gidansu da ya zama gona da kuma suna mai kyau. A kan sunan nan Baba ba ya wasa.

Yaya Kamar ya san haka sarai. Yana da shagon gwangwan a Bacirawa, yana sayen tsofaffin ƙarafa, kuma tun bara yake aiko mini da turare ina mayar masa.

Washegari da hantsi, bayan Baba ya tafi gona, Inna ta shigo ɗaki ta same ni a kwance, idanuna sun kumbura. Ta kwance gefen zaninta ta ajiye mini makullin a kan filo.

"Tashi."

"Inna, kin yarda da ni?"

"Ni na haife ki. Na san yadda idonki yake in kina ƙarya. Ga jiƙaƙƙiyar tsamiya can da toka, je ki goge shi mu ga abin da yake ɓoyewa."

Na zauna a bakin rijiya. Makullin kansa bai wuce tsawon yatsa ba, amma an maƙala shi da zobe a jikin wata faffaɗar tagulla mai nauyi, kamar ƙwallon mangwaro. Gefe guda ne ake iya karantawa, inda lambar take. Ɗaya gefen ya yi baƙi ya yi kore, ƙasa ta cinye shi.

Na yi ta gogawa har yatsuna suka yi zafi.

Sai baƙin ya fara sakin jiki.

Da farko wasu layuka na gani masu lanƙwasa. Na ƙara toka. Layukan suka zama igiyar ruwa. A samansu wani abu ya fito sannu a hankali, har na gane jirgin ruwa ne irin na dā, mai ƙyalle a sama. Rana ta daki tagullar ta yi wani ja mai ƙyalli, na ga kamar jirgin zai motsa a tafin hannuna.

"Inna! Inna, zo ki gani!"

Ta zo tana goge hannu, ta leƙa.

"Ikon Allah..."

A kewayen jirgin rubutun Larabci ne, siriri, mai kyau kamar na Alƙur'ani bugun dā. Na bi shi da yatsa, harafi bayan harafi, yadda aka koya mana a Islamiyya.

"Funduƙul Marjan... Bur Sudan."

"Ina ne kuma nan?"

"Ban sani ba, Inna."

 Mu da ko kogin kirki ba mu da shi, daga gero sai dawa sai kuka da ɗorawa, gona na manne da gona har iyakar ganinka. Me ya kawo jirgin ruwa ƙarƙashin gyaɗarmu?

Inna ta miƙo mini wayarta mai tsagaggen gilashi, ta juya baya kamar ba ta san me zan yi da ita ba.

Bugu ɗaya Fatihu ya ɗauka.

"Safara'una! Tun jiya nake kiranki a kashe. Lafiya?"

Jin muryarsa kawai ya sa kukan da nake riƙewa ya ƙwace. Na faɗa masa komai, ina yi ina sheshsheƙa. Sai na ji kamar layin ya yanke.

"Fatihu...?"

"Ina jin ki. Ina ƙoƙarin haɗiye abin da ya taso mini ne. Ke aka yi wa wannan ƙazafin? Ke?"

"Baba ya ce kada in ƙara ambaton sunanka."

"To kada ki ambata. Ki yi masa biyayya, ni zan ambaci naki a kowace sujada. Share hawayenki, sahibata. Turo mini hotonsa, gaba da baya. Duk inda makullin nan ya fito, sai na gano."

Ranar bai buɗe rumfa ba. Ya shiga mota ya tafi birni, ya shiga kasuwar Kurmi layin masu sayar da kayan tarihi, yana nuna hoton rumfa rumfa. Da yamma ya kira wayar Inna.

"Na samu wani dattijo da ya san irinsa. Da ya gani sai da ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce Funduƙul Marjan sunan wani otal ne, Bur Sudan kuma gari ne a bakin Bahar Maliya, in ka tsallaka ruwan sai ƙasa mai tsarki. Ya ce makullin nan ya girmi 'yancin kan Nijeriya, kuma an daɗe da daina yin irinsa."

"Bahar Maliya? Wanda Fir'auna ya nutse a ciki?"

"Shi fa."

Na dubi abin da ke hannuna, na ji ya ƙara nauyi.

"Ya ce akwai masu tara irin waɗannan, Larabawa da Turawa, suna nemansu ido rufe, balle mai zanen jirgi. Har bakin titi ya biyo ni yana cewa in kawo a daidaita."

"Ni ba kuɗi nake so ba, Fatihu. Sunana nake so a dawo mini da shi."

"Na sani, masoyiyata."

"Ko na kai wa Baba ba zai kalla ba. In ma ya kalla, zai ce to wa ya kai shi gonarsa?"



Kwana biyu ina zaune a gida kamar mai takaba. Zancen ya riga ya fita, in na je ɗiban ruwa sai mata su yi shiru. Baba in na gaishe shi sai ya amsa yana kallon wani wuri.

Ran nan da azahar Inna ta ji motsi a bayan rumbu. Ta zagaya ta tarar da Yaya Kamar a tsugune yana tona yayi da kara.

"Kamaru, me ka yar a nan?"

Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa.

"A'a, Inna, dama makullin nan ne. Na ce gara in tafi da shi in narkar, kada ya zauna a gida ya zama abin magana."

"Narkarwa kuma? Kai da ka ce na otal ne a Bici, ai mayar musu za ka yi. Wane otal ne ma? Faɗa mini sunansa."

 Ya ce ana jiransa a tasha.

Da la'asar ɗin ranar wayar Inna ta yi ƙara. Fatihu ne.

"Safara'u, zauna in kina tsaye."

"Me ya faru?"

"Ina zaune kusa da Kaka ina ƙara girman hoton nan, sai ta leƙo. Carbinta ya faɗi. Ta karɓi wayar ta kai kusa da ido, ta ce 'Marjan' tun ban karanta mata ba."

"Kakarka? Ta san wurin?"

"Ta tambaye ni a gonar wa aka tono. Na faɗa mata sunan Baba. Tun ɗazu kuka take yi, ta ƙi gaya mini komai. Ta ce gobe in kai ta gidanku."

"Fatihu, Baba zai kore ku!"

"Na faɗa mata. Ta ce ba zai kore ta ba."

Da hantsi suka iso, Baba ya saɓa fartanya ke nan zai fita. Fatihu ya tsaya a waje ƙarƙashin darbejiya. Tsohuwar ta yi sallama ta shigo ita kaɗai tana dogara sanda, 'yar ƙarama da ita, naɗe cikin laffaya ruwan toka, ƙamshin turaren wuta na biye da ita. Ya Falta ake ce mata.

Fuskar Baba ta ɗaure, amma ba ya iya wulaƙanta tsoho. Ya sa aka shimfiɗa mata tabarma, aka kawo ruwa, shi ya zauna a kan kujera. Yaya Kamar da ya ji an yi baƙi daga Bici ya shigo ya raɓe a bakin zaure.

"Ba zancen aure ya kawo ni ba, Malam Ja'afaru," ta ce, Hausarta da ɗan karin gabas. "Makulli na zo gani."

Baba ya dubi Inna. Inna ta dube ni. Na shiga ɗaki na ɗauko, na durƙusa na sa mata a hannu.

Ba ta kalle shi ba. Ta rufe ido tana shafa shi da babban yatsa.

"Ɗakin sama ne," ta ce. "Na ƙarshe. Tagarsa na kallon teku."



"Malam Ja'afaru, mahaifinka yana da cindo a hannun hagu?"

Fartanyar da ke jingine a ƙafar Baba ta zame ta faɗi.

"Wa... wa ya faɗa miki?"

"Ba wanda ya faɗa mini. Da hannun nan yake miƙo mini dabino. Abdulmumini, mu Mumini muke ce masa. Dogo, ba ya son magana. Matarsa Kulu, ita kuwa ba ta gajiya da dariya."

Ban taɓa jin wani ya kira sunan kakata kamar wanda ya san ta ba. Baba ma haka. 

Ya Falta ta sha ruwa, ta fara.

Ta ce a zamanin nan talaka ba ya hawa jirgin sama zuwa Makka. Ƙasa ake bi, wani wuri a mota, wani wuri a ƙafa, in guzuri ya ƙare a tsaya a yi ƙwadago a gonakin auduga, a tara a ƙara gaba. Ita tana yarinya, ko ƙirgar dangi ba ta fara ba, iyayenta suka taso da ita daga Barno. A hanya suka haɗu da wani saurayi Bakano da amaryarsa, suka zama 'yan tafiya ɗaya, tukunya ɗaya. Da suka isa Bur Sudan, cikin Kulu ya tsufa.

"A bayan gari muke kwana, mu alhazan ƙasa, cikin bukkokin buhu da kwali. Mumini ya samu aikin ɗiban ruwa a wani masauki na manya a bakin teku, mahaifiyata kuma tana yi musu wanki. Wurin nan fari tas, bene, da fitilu. Mu ko ƙofar gaba ba ma bi."

Ta juya makullin a hannunta.

"Ranar da naƙuda ta zo, ta zo da gardama. Ga zafi, ga iska na ɗaga bukkar. Mumini ya je wurin aiki yana zuba ruwa a randa yana hawaye. Mai masaukin ya gan shi. Wani Balarabe ne mai ƙiba, mai yawan faɗa, kowa tsoronsa yake ji. Ya tambaya aka faɗa masa. Sai ya zagaya bayan teburinsa, ya zaro makullin nan daga jikin ƙusa, ya damƙa masa. Ya ce a ɗauko ta. Ya aika aka kira ungozoma."

"Ɗakin baƙi?" in ji Inna, hannunta a baki. "Ya ba ɗan ga-ruwa?"

"Ɗakin da ya fi kowanne. Gado mai farin zani, ni ban taɓa ganin irinsa ba. Ni na riƙe wa Kulu hannu har mahaifiyata ta kore ni waje. Ina tsaye a bakin ƙofar na ji kukan jariri."

Ta ɗago ta dubi Baba.

"Kai ne."

 Na dubi Baba, da furfurarsa da kaushin ƙafarsa da rigar gonarsa, na kasa haɗa shi da wani bene fari a bakin teku. Na dubi makullin da aka ce shi ne shaidar lalacewata. Ashe ƙofar da mahaifina ya shigo duniya yake buɗewa.

 Da Baba ya buɗe baki, muryar ba tasa ba ce, ta ƙaramin yaro ce.

"Ta... ta gan ni?"

"Ta gan ka. Ta rungume ka, ta kai ka bakin taga ta ce, 'Duba, can ne za mu.' Ta rayu har aka yi suna. Ita ta ce a sa maka Ja'afaru, sunan mai masaukin ne. Bayan suna zazzaɓi ya ci ƙarfinta."

Hawaye suka gangaro cikin gemun Baba. Bai share ba.

"Da aka dawo daga maƙabarta, Mumini ya kulle ɗakin ya zauna a bakin ƙofa, makullin a dunƙule a hannunsa. Aka yi aka yi ya ƙi saki. Mai masaukin ya hau da kansa, ya dube shi, ya ce, 'Ku ƙyale shi. Nasa ne. Zan sa a canza kuba.'"

"Allahu Akbar," in ji Inna. "Allah Ya jiƙan bawan nan."

"Daga nan muka tsallaka. Mahaifinka namiji ne, bai iya goyo ba, mahaifiyata kuma ga kaya. Sai aka ɗaura mini kai." Ta yi wata 'yar dariya cikin hawaye. "Alhajin Goyo suke ce maka, ko? Jikana ya faɗa mini jiya. To a bayan nan nawa ka yi ɗawafi. Ina zagaya Ɗakin Allah kana tsotsar gefen mayafina."

Baba ya zame daga kan kujerarsa ya durƙusa a gabanta. Mahaifina, wanda ban taɓa ganin gwiwarsa a ƙasa ba sai a sallah.

Ni kuwa wani tsoro ya soki zuciyata, bakina ya riga hankalina.

"Kaka... wa ya shayar da shi?"

Ta dube ni da jajayen idanunta, sai ta fashe da dariya har tana tari.

"Kwantar da hankalinki, 'yar nan! Akuya ce. Wata jar akuya mai rowa. Ba abin da ya haramta."

Na rufe fuska da mayafi, kunya kamar in nutse. Har Inna sai da ta dara.

Ya Falta ta ce bayan aikin hajji Mumini ya biyo ayarin Kanawa ya dawo da ɗansa, su kuma suka zauna a Sudan shekaru. Amma kullum mahaifinta yana tuna yadda Mumini yake yabon ƙasarsu, arewa da Kano, inda ya ce ko tsinke ka dasa sai ya tsiro. Da zama ya ƙi musu a can, nan suka nufo. Suka sauka a Bici suna cigiyar Abdulmumini mai cindo, ba su san sunan ƙauyen ba, shi kuma ashe ƙasa ta riga ta rufe shi.

"Saboda mahaifinka muka zo ƙasar nan," ta ce. "Na tsufa ina tambayar kaina ko yaron nan ya rayu. Ashe kana nan kusa, ina jin ƙamshin damina ɗaya da kai."

Baba ya juya a hankali ya dubi bakin zaure.

"Kamaruddeen."

"Na'am, Baffa."

"Sana'arka ƙarfe. Kana so ka ce mini ba ka san tsohuwar tagulla ba in ka gan ta?"

Yaya Kamar ya sunkuyar da kai.

"Duk gidan da ka kai zancen nan, ka koma ka kwaso shi da bakinka. Sannan ka dawo ka same ni."

Ya fita sumsum.

Sai Baba ya juyo gare ni. Na kasa haɗa ido da shi.

"Safara'u. Uwata."

Kulu ba sunana ba ne, kuma bai taɓa kirana haka ba. Kuka ya taso mini.

"Kin rantse mini na ƙi saurara. Ki yafe wa mahaifinki."

"Baba, don Allah ka daina... ba ka yi mini komai ba..."

Ya dafa kaina. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce da Inna,

"Yaron nan yana waje cikin rana? A ce ya shigo."

Fatihu ya shigo ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, kansa a ƙasa. Baba ya kalle shi tsaf kamar yau ya fara ganinsa.

"Na ce ban san asalinku ba," ya ce. "Ashe nawa ne ban sani ba, yana hannunku. Ka faɗa wa iyayenka maza ina jiransu."

Fatihu ya ɗago, idanunmu suka haɗu. Na tashi da gudu na shige ɗaki, ina jin Ya Falta tana cewa, "Au, yanzu kuma kunya ta zo?"

Dattijon Kurmi ya yi ta aike har ya gaji. Baba ya ce a gaya masa ya yi haƙuri, abin ba na sayarwa ba ne. Ya sa aka ɗinka masa 'yar jakar fata, yana ajiye shi a aljihun gaba. Duk ranar Juma'a kuma sai ya shiga motar Bici da damin rake ko ƙwaryar ƙwai, ya je ya zauna a gaban Ya Falta yana tambaya. Wane irin abinci take so? Tana da tsawo? Me take cewa in ta yi fushi? Tsohuwar ba ta gajiya, shi ma ba ya ƙoshi.

Bayan an gama shigar da amfanin gona aka ɗaura mana aure.

Da yamma aka kai ni. Ya Falta ce da kanta ta kama hannuna ta tsallakar da ni bakin ƙofa, tana yi mini addu'a da yarensu. Da mata suka watse, Fatihu ya yi sallama ya shigo, ya zauna a gefena, ya ɗaga mayafin a hankali.

"Amaryata..."

Na sunkuyar da kai ina murmushi.

"Kin san abin da Baba ya ce mini ɗazu bayan an shafa fatiha? Ya ja ni gefe, na zaci gargaɗi zai yi mini a kanki."

"Me ya ce?"

"Ya ce Kaka ta faɗa masa kabarin yana wajen gari, ba nisa da ruwa. Ya ce in Allah Ya kawo ƙarshen yaƙin da ake yi a ƙasar, yana so ya je ya yi wa mahaifiyarsa sallama. Wai shi bai san hanya ba, ko zan raka shi."

Idanuna suka cika.

"Me ka ce masa?"

"Na ce ko da ƙafa ne."

Na kama hannunsa da hannuwana biyu na riƙe gam.

"To ku sa da ni," na ce. "Ni ma ina so ta gan ni."